Rantsuwar Baffa Zailani

"Sake karanta min, Badi'a... a hankali."

Muryar Mahbub ke nan a waya. Ni kuwa ina tsaye a shagon buga takardu na bakin tashar Gwarzo, takardar da inji ya tofo min tana hannuna, ko hucewa ba ta yi ba.

"Sun hana ni," na ce.

"Sun hana ki me?"

"Biza mana. Me kuma na nema a wurinsu, taki?"

Bai yi dariya ba. Malamin gona ne, kullum ina tsokanarsa da zancen taki yana ramawa da zancen allura, amma ran nan numfashinsa kawai nake ji.

"Kada ki motsa daga nan, masoyiyata. Ga ni nan."

Na kashe wayar na sake bin layukan da ido. Wata takwas ina wannan fafutuka. Ni nas ce, shekarata huɗu ina aiki. Wani asibitin kula da tsofaffi a Turai ya yi min tambayoyi ta bidiyo har sau uku, ya ɗauke ni, ya kuma tsaya min wajen neman bizar aiki. Saura mako shida ɗaurin aurena da Mahbub, Asabar mai zuwa za a kawo lefe. Mun tsara komai tsaf: a ɗaura aure, in wuce, shi ya biyo ni a matsayin mijina ya ƙaro karatu.

Sai ga layi huɗu na Turanci sun yi mana ƙafar ungulu.

Ga abin da suka ce. Fasfona yana ɗauke da Badi'a Zailani. Satifiket ɗina da lasisin aikina kuma Badi'a Jalo Kabo. A fom an tambaye ni ko na taɓa amfani da wani suna, na ce a'a. Saboda haka ba su gamsu cewa mai fasfon ita ce mai lasisin ba.

Allah ya sani ban yi ƙarya ba. Da na zo kan tambayar nan, ɓarayi da masu gudun hukuma ne suka faɗo min a rai. Ni wane suna na taɓa sauyawa? Duka biyun nawa ne, da su na tashi.

"Ayya, Anti Badi'a... sannu."

Na ɗago. Kamila ce, yarinyar da ke kan kwamfuta a shagon, 'yar ƙanwar mahaifiyar Mahbub. Tun ranar da aka sa mana rana take gaishe ni da haƙora a waje, ido a bushe, don duk dangi sun san Mahbub ɗin ta so ta aura. Wasiƙar tawa tana nan a buɗe a gabanta, ta ma ƙara girman rubutun don kada wani harafi ya wuce ta.

"Goge min ita," na ce.

"Haba Anti, ai na goge tun ɗazu."

Ina ganinta tana maida wayarta cikin jaka.

*

Bari in faɗa muku yadda mutum ke samun uba biyu ba tare da kowa ya yi laifi ba.

Malam Zailani na Lakwaya shi ya haife ni, ni ce 'yarsa ta fari. Yayansa Malam Jalo, tela a kasuwar Kabo, ya shekara goma sha biyar da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Ranar da aka yaye ni, Malam Zailani ya ɗora ni a keke ya kai ni Kabo, ya ajiye ni a cinyar yayansa ya ce, "Ga 'yarka." Daga ranar bai sake kiran sunana ba. In na je Lakwaya sai dai ya ce "ke" ko "'yar Yaya". Ni ma Baffa nake ce masa, matarsa da ta haife ni ina ce mata Goggo Sa'ada. Baba kuwa guda ɗaya na sani, shi ne Malam Jalo, wanda ya riƙe hannuna ya kai ni firamare, aka tambaye shi sunan uba ya faɗi nasa. Wa zai ce masa don me?

Takardar haihuwa ce ta tona mu. Asibiti sun rubuta Zailani tun ranar da na zo duniya, ita na kai aka yi min katin ɗan ƙasa, daga shi aka yi fasfo. Kowane ofis ya rubuta gaskiyar da aka ba shi.

A gindin mangwaron da ke bayan tasha muka zauna da Mahbub, wandonsa duk laka daga gonakin Gude. Na kira matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata a asibitin, na yi mata bayani da duk Turancin da Allah ya hore min. Sai da na maimaita sau biyu kafin ta gane cewa a wurinmu ana kyautar 'ya, kuma ba a rubuta takarda.

"Me ta ce?" Mahbub ya tambaya da na ajiye.

"Za su riƙe min gurbina kwana talatin, su sabunta takardar ɗaukar nauyi in sake nema. Amma sai na kai rantsuwar kotu daga su biyun. Baffa ya rantse shi ya haife ni, Baba ya rantse riƙona ya yi. Sai wasiƙar makaranta da sanarwa a jarida."

"Ai da sauƙi ke nan," ya ce, fuskarsa ta washe.

Na dube shi. Ina son mutumin nan har cikin raina, amma wani lokacin sai in ga kamar bai taɓa zama da dattijo ba.

"Mahbub, kana nufin in je in ce wa Baba ya tsaya gaban mutane ya ce bai haife ni ba?"

Murmushin ya gudu.

"Za mu san yadda za mu yi, Badi'ata."

"Zan sani dai," na ce. "Kai ka je ka wanke wandon nan."

*

Asabar ta zo. Inna, matar Baba, ta tara ƙawayenta, an soya kaji, an yi cincin da dubulan, an shimfiɗa tabarmi har zaure. La'asar ta yi, ba lefe ba dalilinsa.

Da yamma Mahbub ya zo shi kaɗai. A ƙofar gida ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ni.

"Faɗa min kawai," na ce.

"Kamila ta kai wa Hajiya hoton wasiƙar. Ta ce Turawa sun bincika sun gano ba a san ubanki ba."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi.

"Hajiya ba ta yarda ba da farko," ya ci gaba da sauri. "Ta san zancen riƙon. Sai ta tura Kawu Mijinyawa Lakwaya ya ji daga bakin Baffanki, don a rufe bakin masu magana."

"Sai me?"

"Kawu ya tambaye shi, Badi'a 'yarka ce? Ya ce... ya ce shi ba shi da 'ya mai wannan suna. 'Yar Yaya Jalo ce."



Na san abin da Baffa yake nufi, duk wanda ya san gidanmu ya sani. Amma ku ɗora maganar a kunnen wanda aka riga aka zuga. Kowa ya san Malam Jalo bai taɓa haihuwa ba. An ce 'yar ƙaninsa ce, ga ƙanin ya ce ba tasa ba ce. To 'yar wa ce?

"Ki saurare ni, rabin raina," Mahbub ya ce. "Ki manta da bizar nan. Ni ke nake so, ba Turai ba. Zan samu baffannina su karɓa min aure ko Hajiya ta yarda ko ba ta yarda ba."

"Sannan in shiga gidanku ana nuna ni da baki?"

"Wa ya isa..."

"Sannan 'ya'yanmu su tashi ana ce musu ba a san kakansu ba? A'a. Ta ƙofar gaba zan shiga gidanku, da sunana a wanke. Bizar ma ba zan bar ta ba. Wata takwas na yi ina nemanta."

"Kin fiye taurin kai."

"Ka sani kafin ka kawo kuɗin gaisuwa."

Washegari na yi abin da ba a yi. Na saka hijabina na tafi Gwarzo gidan surukar da ba ta riga ta zama suruka ba. Na durƙusa a gaban Hajiya Uwaliya na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana jan carbi. Mace ce mai kamun kai, ita kaɗai ta raini Mahbub bayan rasuwar mahaifinsa, ban taɓa jin ta yi wa wani sharri ba. Shi ya sa abin ya fi yi min ciwo.

"Hajiya, na zo ne a kan maganar da aka kawo miki."

"Yarinya ba ta zuwa irin wannan magana da kanta."

"Na sani, Hajiya. Ki gafarce ni. Sunana ne ake ja a ƙasa, ban ga wanda zan aika ba."

Ta daɗe tana kallona.

"Ba na ƙin ki, Badi'a. Amma ɗa ɗaya gare ni. Ƙanina ya je da ƙafarsa, ya ji da kunnensa. Mutumin da aka rubuta a matsayin mahaifinki ya ce ba shi da ke. Ni me zan ce wa dangin uban yaron nan?"

"In ya faɗa da bakinsa fa, a gaban hukuma?"

"Ranar zan ɗauko akwatunan nan a kaina in kai Kabo."

Kamila na leƙe ta labule. Da zan fita na tsaya daidai wurin na ce, "Sannu da aiki, Kamila." Labulen ya saki.

*

A masussuka na sami Baffa Zailani, ana bugun dawa, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gemu. Na durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya mutanen Kabo? Ya Yaya? Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Baffa. Ya aiki? Ya amfanin bana?"

"Mun gode Allah."

Duk gaisuwar nan damin dawa yake kallo. Haka yake yi min tun ina ƙarama, ban taɓa sanin launin ƙwayar idonsa ba. Na zayyana masa komai, wasiƙar, kwana talatin, lefen da aka fasa kawowa. Da na zo kan maganar da ake yaɗawa, na ga hannunsa ya damƙe sandar bugu har jijiyoyi suka tashi.

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya faɗi haka," ya ce a hankali.

"To Baffa, kalma ɗaya ce. Ka zo kotu ka ce kai ka haife ni."

"Ba zan iya ba."

"Baffa..."

"Ke, abin da na ba Yaya na ba shi. Shekara ashirin da huɗu yana ci da ke, yana sha da ke, ya yi jinyarki, ya yi miki karatu. Yau don kin zama mutum sai in miƙe a gaban alƙali in ce tawa ce? Da wane ido zan kalle shi?"

"Ba ƙwace ni za ka yi ba. Takarda ce kawai."

"A wurinku takarda ce."

"Aurena zai mutu tun ba a ɗaura ba, Baffa."

Ya juya min baya ya ɗaga sanda.

"Ki gaida Yaya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in yi masa ihu in ce kawaicin nan naka ni yake yanka, amma ba a haka aka raine ni ba. Na shiga cikin gida don in yi sallama da Goggo Sa'ada. Ta miƙo min fura a kwanon sha, ita ma ba ta kalle ni ba. Sai da na kai zaure na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, kamar da bango take magana.

"Mutum ɗaya ne a duniya in ya ce masa tashi yake tashi."

Na tsaya cak.

Na san wanda take nufi. Shi ne kuma wanda na yi kwana goma sha biyu ina kauce wa.

Mahbub na jirana a bakin hanya da babur ɗinsa. Ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya tsayar min da mota mai zuwa Kabo.

"Ko in raka ki wurin Baba?" ya ce ta taga.

"A'a, abin ƙaunata. Wannan nawa ne."

"Karon farko ke nan da kika ce min haka ba tare da na roƙa ba."

"Kada ka saba," na ce, mota ta ja.

*

Shagon Baba ɗan ƙarami ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da rediyon da ba ya kama komai sai ya sha mari. A nan na koyi ƙirga da maɓallai. Na same shi yana ɗinka babbar rigar da zai saka ranar ɗaurin aurena.

Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, daga ina da ranar nan?"

"Daga Lakwaya, Baba."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

"Zauna."

Na zauna a benci. Duk maganar da na tsara a mota ta watse. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa asibiti lokacin da na yi ƙyanda ya je ya rantse ni ba tasa ba ce?

"Baba, akwai wata takarda da ake so..."

"Na sani."

Na ɗago da sauri.

"A kasuwa nake, Uwata. Tun ranar Lahadi maganar ta zo shagon nan, har da ƙarin gishiri. Yaron nan Mahbub ma na tsare shi shekaranjiya, sai da na matsa masa ya faɗa min abin da Turawan suke so. Jira nake in ga yaushe za ki zo."

"Na kasa ne, Baba."

"Kin je wurin Zailani kafin ki zo wurina."

Ba faɗa ya yi ba, amma da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Hawayen da na riƙe tun ranar wasiƙar suka ɓalle.

"Ba na so ka faɗi kalmar nan ne. Wallahi Baba ban san wani uba ba sai kai. Ba na so ka tsaya gaban mutane ka ce..."

"In ce ban haife ki ba?" Ya zare tabarau ya goge da bakin riga. "To na haife ki ne?"

Na girgiza kai.

"Abin da kowa ya sani ne, mu ne dai muka yi ta lallaɓa shi. Zailani yana jin kunyata, ni ina jin daɗin kunyar tasa, na bar shi a kai. Ban taɓa tunanin ke za ta faɗa wa ba." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Me ya ce miki?"

"Ya ce ba zai iya ba."

"Zai iya. Miƙo min hulata."

Ban taɓa ganin Baba ya rufe shago ranar kasuwa ba sai ran nan. Ban bi shi Lakwaya ba, ban kuma san abin da suka faɗa wa juna ba. Goggo Sa'ada dai ta ce sun shiga ɗakin zaure tun azahar, sai kiran la'asar ya fito da su, kowa idonsa ja.

*

Ranar Talata muka haɗu a kotu, saura kwana goma sha huɗu wa'adina ya cika. Na aika wa Hajiya Uwaliya da rana da lokaci. Na ɗauka Kawu Mijinyawa za ta turo, sai ga ta da kanta tare da shi, ta zauna a bencin baya. Mahbub na tsaye a bakin ƙofa, yau wandonsa fes.

Jami'in karɓar rantsuwa ya karanta takardun da Turanci, ya fassara da Hausa. Ya ce kowa sai ya faɗa da bakinsa kafin ya sa hannu.

"Ni zan fara," Baba ya ce. "Ni ne babba."

Ya gyara tsayuwa.

"Ni Jalo, tela a Kabo, na rantse da Allah yarinyar nan ban haife ta ba. Ƙanina ne ya ba ni ita tana da shekara biyu. Ni na sa mata sunana a makaranta, ba ta da laifi a ciki."

Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Amma da ya karɓi biro, sai da jami'in ya riƙe masa takardar.

"Saura kai, Malam Zailani. Wannan da ke tsaye, 'yarka ce ta cikinka?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ɗago ya kalli yayansa.

"Ni kake kallo?" Baba ya ce. "Ba ni na tambaye ka ba. Ba bawan Allah amsa."

Baffa ya buɗe baki ya rufe. In ya sake cewa 'yar Yaya ce a gaban Hajiya, shi ke nan, ba biza ba aure.

Sai ya juyo ya kalle ni. Ido cikin ido.

"'Yata ce."

Na riƙe bakin tebur.

"Ni na haife ta. Ranar Alhamis ce, da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Daga gona aka kira ni, ko ƙafa ban wanke ba na tafi asibiti. Ni na yi mata huɗuba. Badi'atu na raɗa mata a kunne. Badi'atu..."

Jami'in ya ce ya isa haka, amma Baffa bai ji shi ba.

"Tana da tabo a bayan kunnen hagu, da shi aka haife ta. Ranar da na kai ta Kabo, a hanya ta yi barci a kan keke, na tsaya a gindin wata tsamiya na riƙe ta har ta farka, don kada in kai ta tana barci ta tashi ba ta gan ni ba."

Ban san lokacin da na durƙushe ba. Shekara ashirin da shida ina zaton mutumin nan bai san ko da wace kama nake ba.

Hannu na ji a kafaɗata. Hajiya Uwaliya ce, fuskarta jiƙe.

"Tashi, 'yata. Ki yafe min."

Ta juya wurin ƙaninta. "Mijinyawa, a nemo mota. Yau akwatunan nan za su kwana a Kabo."

A kanta dai ba ta ɗauko su ba, amma ita ta shigo gaba da ƙaramar jakar a hannu, abin da uwar ango ba ta yi. Kamila kuwa aka ce ta tafi Kano wurin yayarta hutu, hutun da har aka gama biki bai ƙare ba.

*

Na haɗa takarduna a kwana shida. Rantsuwa biyu, wasiƙar makarantar koyon jinya, shafin jarida, da bayanin da na rubuta da hannuna na yadda ake riƙo a ƙasarmu. Asibitin suka sabunta takardarsu, na sake cike fom. Da na zo kan tambayar nan ta wani suna, na danna "e" da ƙarfin da ya sa Mahbub ya ce in tausaya wa kwamfutar mutane.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko. Baba ne ya ba da ni, cikin rigar da ya ɗinka, Baffa na zaune a gefensa. Amsar biza ba ta zo ba tukuna, na shiga ɗakina ban san ko Turai zan tafi ko asibitinmu zan koma ba.

"In sun sake hanawa fa?" Mahbub ya tambaye ni wata safiya yana shan kunu.

"In sake nema."

"In sun sake?"

"Mijina, sai dai su gaji."

Mako uku bayan biki fasfona ya dawo. A tsakar gida na buɗe ambulan, na ga shafin da aka manna, na yi ƙarar da ta sa Hajiya ta fito ba ɗankwali.

"Sun ba ni! Mahbub, sun ba ni!"

Ya ɗaga ni sama a gaban mahaifiyarsa, sai da ta ce, "Kai, marar kunya, sauke 'yar mutane."

Kabo na ce ya fara kai ni.

Baba na kan kekensa. Na durƙusa na miƙa masa fasfon a buɗe. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallon hotona da tambarin da ke sheƙi. Bai yi boko ba.

"Uwata, karanta min. Wane suna suka rubuta?"

Na kalli Mahbub, ya kalli ƙasa. Na so in haɗa masa da nasa, wa zai tona ni? Amma mutumin nan ya tsaya gaban hukuma ya faɗi gaskiyar da ta fi wannan ɗaci saboda ni.

"Badi'a Zailani, Baba."

"Shi ke nan? Ba ƙari?"

"Shi ke nan."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya shafa shafin da babban yatsa.

"To ai ba baƙon suna ba ne," ya ce. "Zailani na da shekara shida mahaifinmu ya rasu. Shi ma ɗin ni na raine shi."

Ya rufe fasfon ya miƙo min da hannu biyu, ya maida tabarau.

"An ce ƙasar da sanyi. Tashi tsaye in gwada ki, akwai wani yadi mai kauri da na ajiye."

Na miƙe na buɗe hannuwa kamar yadda nake yi tun ina 'yar firamare. Ya zaro tef daga wuyansa ya fara da kafaɗa.